Injiniyan Da Suka Kira Mai Ayu

Akwai wani bawan Allah mai suna Abdulfatah, mutumin Yawuri, wanda karatu ya kai shi Doha, aiki kuma ya riƙe shi a can. Tallafi ya samu ya je ya ƙaro ilimi a fannin gine-ginen cikin ruwa. Da ya gama, sai wani kamfani da ke gina tashoshin jiragen ruwa da yashe teku ya ɗauke shi aiki.

A gida in aka ce Abdulfatah yana Qatar, sai ka ji ana cewa ai shi kam ya haye. Ba su san ɗaki ɗaya yake haya a Madinat Khalifa ba, gado ɗaya, kujera ɗaya, da ƙaramin risho a lungu. Yakan dafa shinkafa ya ci a tsaye, don zama a gaban kwano shi kaɗai ya fi yunwar yi masa ciwo.

Matarsa Rahmat tana Yawuri tare da 'yarsu Jannat. Sau ɗaya yake zuwa hutu a shekara. Yarinyar ta yi rarrafe ba ya nan, ta fara tafiya ba ya nan, ta fara magana ba ya nan. Wata rana suna hira ta bidiyo ta kawo fuskarta dab da waya ta ce, "Abba, yaushe za ka fito daga nan ciki?"

Ya yi dariya. Bayan an kashe wayar kuwa ya daɗe zaune bai motsa ba.

Abin da ya hana shi kawo su shi ne matsayinsa. Albashinsa da ɗakinsa ba su kai a ba shi izinin zama da iyali ba. Amma shugaban ayyukan kamfanin, wanda kowa ke kira Mudir, ya yi masa alkawari. Akwai kwangilar yashe hanyar jiragen ruwa a gaɓar arewa. In Abdulfatah ya kammala ta a kan lokaci, za a ba shi shugabancin sashe, da gidan iyali, kamfani kuma ya nema wa matarsa da 'yarsa biza.

Ranar da ya gaya wa Rahmat, guɗa ta yi a waya. Kafin wata ya ƙare ta yi fasfo, ta sayar da keken ɗinkinta, ta fara sallamar 'yan uwa.

A ofishin kamfanin akwai wani Bahaushe guda bayan shi, Sagiru, ɗan Kano, shi ma injiniya. Abdulfatah ne ya yi masa hanya aka ɗauke shi, a ɗakinsa ma ya fara sauka kafin ya samu nasa. Sagiru mutum ne mai kaifin kai da son gayu, kuma bai taɓa ɓoye cewa sauri yake yi ba. Yana kiran Abdulfatah Yaya. Kowace Juma'a bayan masallaci tare suke zuwa wani ɗan gidan abinci a Al Asmakh, inda Hausawa direbobi da masu gadi ke haɗuwa a ci tuwo a sha labarin gida.

Kamfanin nan kuwa ba a fi shi iya magana a kan kare muhalli ba. In ka shiga ofishinsu, hoton teku ne shuɗi shar ya cika bango, ga kunkuru na iyo, an rubuta da Larabci da Turanci cewa teku amana ce. Duk shekara ana raba wa ma'aikata korayen riguna, a kai su bakin ruwa su tsince robobi, mai hoto na biye da su.

Aikin yasa yana tayar da laka mai yawa. Shi ya sa sharaɗin kwangilar ya ce dole a kewaye wurin da wani dogon labule na roba, wanda ke rataye daga saman ruwa zuwa ƙasa, don kada lakar ta fita. Dalili kuwa, kusa da wurin akwai fili na ciyawar ƙarƙashin ruwa, inda ayun teku ke kiwo.

Sai aka yi iska mai ƙarfi daga arewa, kwana da kwanaki. Da ta lafa, Abdulfatah ya shiga ƙaramin kwalekwale da safe ya zagaya ya duba labulen. Nan ya tarar ya yage, yagewa mai faɗi. Jirgin yasa na ta aiki, laka kuma na kwarara ta ɓarakar kamar kunu, ta nufi wajen ciyawar.

Ya sa direban kwalekwalen ya bi lakar su ga inda ta kai. Suna isa inda ruwan ya fara yin garau, wani abu ya ɗago a gefensu. Baki ne mai faɗi, toka-toka, ya huro numfashi ya koma. Sai wani ƙarami ya ɗago a jikinsa, ya yi irin na uwarsa, ya nutse.

Abdulfatah ya riƙe gefen kwalekwalen. A Yawuri ya tashi yana jin tsofaffin masunta na labarin ayu, yadda a da yake cika kogi, yadda yake shayar da ɗansa kamar mutum. Amma shi bai taɓa ganinsa da rai ba. Kafin ya yi wayo an cinye na wajensu. Yau ga shi a ƙasar wasu, uwa da ɗa, ga laka na tafe musu.

Ya ɗauki oba-oba ya kira kyaftin ɗin jirgin yasa ya ce a kashe injin.

Ba a daɗe ba Mudir ya kira shi a waya.

"Wa ya ce ka tsayar min da aiki?"

"Yallaɓai, labule ya yage. Laka na fita."

"Gyaran zai ɗauki makonni, sai an kawo wani daga waje. Ba mu da makonni. Laka ce fa, ba guba ba. Teku zai shanye ta."

"In ta kwanta a kan ciyawar, za ta kashe ta. Da idona na ga ayu a wurin, uwa da ɗanta."

Mudir ya yi wata 'yar dariya. "Injiniya, wa ke kallon tsakiyar ruwa? Yalla, kunna injin. Labulen a gyara shi a hankali."

"Ba zan iya ba da wannan umarnin ba."

Da Mudir ya sake magana, muryarsa ta yi sanyi.

"Kana son matarka ta zo, ko ba ka so?"

Abdulfatah ya rufe ido. Iska na kaɗa rigarsa.

"Ina so, Yallaɓai. Allah ya sani ina so. Amma ba zan iya ba."

"Khalas, shi ke nan," in ji Mudir, ya kashe.

Ba a kore shi ba. Korar mutum irin wannan takan jawo tambayoyi. Sai aka ce an ga ƙwazonsa, an mayar da shi ya kula da filin ajiyar tsofaffin kayan kamfani da ke bayan Umm Salal. Aikin yasa kuma aka danƙa wa Sagiru.

Sagiru ya zo ɗakinsa da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba.

"Yaya, ka yi haƙuri. In ban karɓa ba wani za a ba."

"Ka karɓa. Amma ka sa a gyara labulen kafin ka kunna."

"Haba Yaya. Mu da muka zo nema? Ƙasarsu ce, tekunsu ne, su ne suka ce a ci gaba. Ni mene ne nawa?"

"Kai za a tambaya, Sagiru."

"To in an zo tambayar ma gani." Ya duba agogonsa ya ce ana jiransa a ƙasa.

Washegari injin ya ci gaba da aiki.

Kamfanin yana da wani layin waya da aka ce duk ma'aikacin da ya ga ba daidai ba ya kira, ba za a bayyana shi ba. Abdulfatah ya kira ya faɗi komai. Wata mata mai daɗin murya ta gode masa ƙwarai, ta ce za a duba. Bai sake jin komai ba.

Ya yi tunanin zuwa hukumar kula da muhalli da ƙafarsa. Sau da yawa yakan shirya, sai ya tuna kamfanin ne kafil ɗinsa, zamansa a ƙasar a hannunsu yake. Ya tuna leburorin da ke kan jirgin, waɗanda in aka rufe aikin su za su fara shan wahala. Ya tuna Sagiru. Daga ƙarshe ya lallashi kansa da cewa shi dai ya cire hannunsa, ya kuma faɗa wa waɗanda ya kamata. Amma zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne gaya wa Rahmat. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Yanzu tafiyar ta fasu ke nan?"

"An ɗaga ta dai. Ban san zuwa yaushe ba."

"Abban Jannat, dabba ce fa." Ta fara kuka. "Na sayar da kekena. Na je Kontagora na sallami Inna. Kowa ya san zan tafi. Yanzu in ce musu me? In ce mijina ya zaɓi dabbar ruwa?"

Duk bayanin da ya tanada ya ga bai kai nauyin hawayenta ba.

Daga ranar kiran nata ya ragu. In ya kira takan gaishe shi da ladabi, ta miƙa wa Jannat wayar.

Juma'ar da ta biyo baya ya je Al Asmakh kamar yadda ya saba. Labari ya riga shi isa. Yana ɗaga labulen ƙofa wani direba ya ce, "A'a, ga Mai Ayu nan!" Wuri ya ɗauki dariya. Wani ya ce a zuba masa miya ba kifi, kada a cinye masa ɗan uwa. Sagiru na zaune a tsakiya cikin sabuwar shadda, shi ya saya wa kowa abinci a ranar. Bai fara tsokanar ba, amma da aka yi dariya har da shi, har yana buga tebur.

Abdulfatah ya yi murmushi, ya ci abincinsa, ya yi musu sallama. Bai ƙara komawa ba.

Filin Umm Salal wuri ne da ba a zuwa sai dole. Manyan bututu ne jibge sun yi tsatsa, ga sarƙoƙi masu kaurin cinyar mutum, ga ƙugiyoyin jirage kwance cikin yashi. Ofishinsa kwantena ce mai taga ɗaya. Wani lokaci yini guda ba motar da za ta shigo. Mutumin da ya saba da ƙarar injin da ihun ma'aikata, sai ga shi yana jin motsin iska a cikin bututu.

Mutum ɗaya ne ke wurin bayan shi, wani dattijo mai gadi, Malam Gado, mutumin Gusau, wanda ya daɗe a Qatar har gemunsa ya yi fari a can. Ba mai yawan magana ba ne. In azahar ta yi yakan shimfiɗa kwali biyu a inuwar kwantena su yi jam'i, bayan nan ya zuba masa shayi a murfin filas.

Wata rana Abdulfatah ya kasa riƙewa ya ce, "Baba, kai ma kana ganin wauta na yi?"

Dattijon ya kurɓi shayinsa. "Ni ban san ayu ba, ko a hoto. Amma da aka ce ka yi, ka san ba daidai ba ne?"

"Na sani."

"To me kake tambayata?"

Haka zafi ya shigo ya same shi a wurin, ya kuma fara wucewa. Ya rame. A hotunan da kamfani ke yaɗawa ya ga Sagiru sanye da koriyar riga a bakin teku, yana riƙe da buhun robobi, Mudir ya dafa kafaɗarsa.

Sai wata safiya wasu masunta suka tsinci gawar ɗan ayu a gaɓar arewa. Suka ɗauki hoto, hoton ya zagaya wayoyi. Hukuma ta tura masu nutso, suka tarar laka ta binne ciyawar wuri mai faɗi. Nan take aka dakatar da aikin. Aka hana Sagiru fita ƙasar, tunda shi ne injiniyan da ke kan aikin, aka kuma kafa kwamitin bincike.

Abdulfatah ya ga hoton yana zaune a kwantena. Bai san ko wanda ya gani ne ba, ko wani. Ya kife wayar a kan tebur, ya fita ya shiga tsakanin bututun yana tafiya ba inda ya nufa. Ya cire hannunsa, gaskiya ne. Amma lakar ba ta daina kwarara ba don shi ya cire hannu.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, wata babbar farar mota ta shigo filin. Mudir ne da kansa. Ya shiga kwantenar yana share gumi, ya gaishe shi da fara'a kamar tsohon aboki.

"Za a kira ka gaban kwamiti," in ji shi. "Abin da nake so ka faɗa ba ƙarya ba ne. Ka ga yagewar, ka tsayar da aiki, ka gargaɗi Sagiru ya gyara kafin ya kunna. Ko ba ka gargaɗe shi ba?"

"Na gargaɗe shi."

"Madalla. Nan za ka tsaya. Shi ya yi gaban kansa don yana son suna. Maganar da muka yi a waya ni da kai, ba wanda ya ji, kuma ba ta da amfani ga kowa."



Mudir ya matso da kujera. "Shugabancin sashe na nan. Gidan na nan, mai ɗaki uku, kusa da makarantar yara. Bizar matarka da 'yarka ni zan bi ta da kaina, cikin watan nan. Kai ne za ka zama fuskar kamfani, injiniyan da ya tsaya wa teku. Shi kuwa yaron nan, na ji irin dariyar da ya yi maka. Ba ya bin ka komai, kai ne ma kake bin sa bashin abin da ya yi maka."

Da motar ta fita, Abdulfatah ya daɗe yana kallon ƙurar da ta tayar. Ba zai ce bai ji kwaɗayi ba. Ya hango Jannat da jakar makaranta. Ya hango kansa yana shiga gidan abincin Al Asmakh kowa ya yi tsit. Kuma ba a ce ya ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba. Rabin gaskiya kawai aka nema, ya haɗiye sauran.

Bayan la'asar ya kira Rahmat. Ya ce kada ta ba Jannat wayar, da ita yake son magana. Ya zayyana mata komai, har da gidan mai ɗaki uku.

Da ya gama, sai ta tambaye shi.

"In ka faɗi yadda yake so, me zai samu Sagirun?"

"Zai iya shiga kurkuku. Komai a kansa za a ɗora."

"Wanda ya sa shi kuma fa?"

"Zai ci gaba da zamansa."

Ya ji ta ja numfashi. "Na ji haushinka, Abban Jannat. Har yanzu ma ban gama hucewa ba. Na gaji da jira, wallahi na gaji. Amma kada ka kawo ni ta wannan hanyar. Ba zan iya kwana a gidan da sai da aka jefa ɗan wani kurkuku kafin a ba mu shi ba. Ka je ka faɗi yadda aka yi. Zan iya ƙara jira."

Sai ta ƙara da cewa, "Kana cin abinci kuwa? Muryarka ba ta yi min ba."

Ranar zaman kwamiti ya tarar da Sagiru a kan benci a waje, shi kaɗai. Duk gayun nan ya tafi. Idanunsa sun faɗa, rigarsa ba guga. Da ya ga Abdulfatah sai ya sunkuyar da kai. Ya riga ya ji an je Umm Salal, ya kuma san abin da aka je nema.

A ciki mutum uku ne ke zaune, shugabarsu wata injiniya 'yar ƙasar, mai magana a hankali. Mudir na gefe tare da lauyan kamfani.

Abdulfatah ya faɗi yadda ya ga yagewar, da yadda ya tsayar da injin, da yadda ya gargaɗi Sagiru. Mudir na gyaɗa kai. Sai ya ci gaba. Ya faɗi kiran wayar, kalma bayan kalma, har da tambayar da aka yi masa a kan matarsa. Ya faɗi dalilin mayar da shi Umm Salal. Ya faɗi layin da ya kira ba a yi komai ba. Ya faɗi ziyarar farar mota da abin da aka yi masa tayi.

"Sagiru ya yi kuskure," in ji shi. "Ya san labulen a yage yake, ya kunna. Amma umarnin da ya bi, ni aka fara ba. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba."

Shugabar ta dube shi. "Tunda ka san haka tun farko, me ya hana ka zo mana?"

"Tsoro, ranki ya daɗe. Na zaci in na ƙi yi da hannuna ya isa. Bai isa ba."

Lauyan ya ce ba shaida, maganar mutum ɗaya ce mai jin haushin an sauke shi. Amma da aka kira kyaftin ɗin jirgin yasa, aka gaya masa abin da Abdulfatah ya faɗa, sai mutumin ya yi ajiyar zuciya ya ce shi ma Mudir ya kira shi a ranar, ya ce kada ya ƙara kashe injin ko wa ya ce. Bayan shi wasu ma'aikata biyu suka buɗe baki. Ashe kowa jira yake wani ya fara.

Aka ci kamfanin tara mai nauyi, aka ɗora masa gyaran wurin. Masu kamfanin suka sallami Mudir. Sagiru bai shiga kurkuku ba, amma ya rasa aikinsa, aka ce ya koma gida.

Shi ma Abdulfatah ba a yi masa tafi ba. A ofishin kamfani mutane suka daina haɗa ido da shi, wasu na cewa shi ya jawo aka rage ma'aikata. Aka sanar da shi cewa in wa'adin aikinsa ya cika ba za a sabunta ba.

Ranar tafiyar Sagiru, cikin duk waɗanda ya saya wa tuwo ba wanda ya samu lokaci. Abdulfatah ne ya ɗauko tasi ya je ya taya shi sauko da akwatuna. Suka kama hanyar filin jirgi.

A bakin ƙofar shiga Sagiru ya tsaya.

"Yaya, an ba ka gida. An ba ka komai. Ni kuma na yi maka dariya a gaban mutane. Me ya sa?"

"Don haka aka yi, Sagiru. Ba zan iya faɗin wani abu daban ba."

Sagiru ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Abdulfatah ya dafa shi har ya natsu.

"Ka gaida Hajiyarku. In ka samu wani aikin, aka ce ka kunna, ka duba tukuna."

Ya koma ɗakinsa na Madinat Khalifa ya fara haɗa nasa kayan a hankali, don ya ɗauka shi ne na gaba. Ya aika neman aiki wurare da dama, shiru. Malam Gado kaɗai ke kiransa, ya ce, "Injiniya, kana nan? To madalla," ya kashe.

Wa'adinsa saura kaɗan ya cika aka kira shi daga wani kamfani da ke sa ido a kan ayyukan teku a madadin masu ba da kwangila. Suna neman wanda zai riƙa hawa jiragen yasa yana duba ko ana bin sharuɗɗa, da ikon tsayar da aiki in ya ga ɓarna. Da ya je ganawa ya tambayi yadda aka yi suka san shi. Aka ce shugabar kwamitin nan ce ta ambace shi. Cewa ta yi ta ga mutumin da ya faɗi laifin shugabansa, ya faɗi na abokinsa, bai kuma tsallake nasa ba.

Albashin bai kai na shugaban sashe ba, gidan ma ɗaki biyu ne a saman wani shago. Amma ya isa a ba shi izinin kawo iyali. Ciyawar da laka ta binne kuwa har yau ba ta gama dawowa ba, ayun ma sun ƙaura daga wurin.

Sai da shekara ta zagayo takardun suka fito. Ya je filin jirgi tun kafin jirginsu ya sauka, ya tsaya a jikin ƙarfen da ke raba masu jira da masu isowa. Can ya hango Rahmat tana turo kaya, Jannat na riƙe da gefen hijabinta. Yarinyar ta yi tsawo. Ya durƙusa ya buɗe mata hannu, sai ta ɓuya a bayan uwarta tana leƙensa da ido ɗaya.

Ya miƙe a hankali. Rahmat ta tsaya a gabansa ta ƙare masa kallo, daga furfurar da ta fito masa a gemu har wuyan rigarsa da ya yi masa yawa.

"Ka rame," in ji ta.

"Ke ma."

Suka yi dariya tare, dariyar ta juye ta zama kuka, mutane na wuce su da akwatuna. Suna cikin haka ya ji an ja ƙafar wandonsa. Jannat ce, ta ɗago kai tana miƙo masa 'yar jakarta ya riƙe mata.

Darasi: Amana ba ta tsaya a kan dukiyar mutane kaɗai ba. Ruwa, da ƙasa, da halittun da ba su da bakin kai ƙara, duk amana ne a hannun wanda aka ba aiki, ko ana kallonsa ko ba a kallo. In aka sa ka ɓarna, ƙin yi mataki ne na farko, amma kada ka tsaya nan, ka faɗa wa wanda zai iya hanawa tun kafin ta auku. Kuma kada ka sayi jin daɗinka da faɗuwar wani, ko da ya taɓa wulaƙanta ka. Gaskiya takan bar mutum shi kaɗai na wani lokaci, amma abin da ta kawo daga baya ba ya hana barci. 'Yan uwa, ku tura wa wani labarin nan, musamman waɗanda ke nema a ƙasashen waje. Wataƙila yau akwai wanda aka ce ya kunna, yana tsaye shi kaɗai yana tunani.